Jamus: Kotu ta yanke hukunci, majalisa ta sauya doka

Ba rashin kuɗi ne ya sa Jamus ke tafiyar hawainiya a fagen ci gaba mai ɗorewa ba. Ita ce ƙasa mafi ƙarfin tattalin arziki a Turai, kuma tun shekarar 2000 ta kafa dokar tallafa wa samar da lantarki daga iska da hasken rana. A shekarar 2023 sama da rabin wutar da ƙasar ta sha ya fito ne daga irin waɗannan hanyoyi. Amma dokar da majalisar dokokinta ta zartar a 2020 ta ba tashoshin kwal damar ci gaba da aiki har zuwa 2038, tare da ware Yuro biliyan 40 domin lallaɓa yankunan da ke haƙar kwal ɗin.

Waɗanda suka fi tursasa wa gwamnati ta ƙara sauri su ne ƙungiyoyin fararen hula, kuma makaminsu mafi kaifi shi ne kotu. A watan Afrilun 2021 Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe ta bayyana cewa dokar kare yanayi ta 2019 ta saɓa wa tsarin mulki ta wani ɓangare, domin ta jinkirta aikin rage hayaƙi zuwa bayan 2030, ta ɗora nauyinsa a wuyan matasa. Cikin masu ƙarar akwai Luisa Neubauer ta ƙungiyar Fridays for Future. Gwamnatin Angela Merkel ba ta yi wata-wata ba, ta gyara dokar: rage hayaƙi da kashi 65 cikin 100 nan da 2030 idan aka kwatanta da 1990, sannan nan da 2045 abin da ƙasar ke fitarwa kada ya wuce abin da take iya shanyewa.

Rubuta adadi a takarda abu ne mai sauƙi. Da yaƙin Ukraine ya katse iskar gas ta Rasha a 2022, sai aka sake kunna wasu tashoshin kwal da aka ajiye. A watan Janairun 2023 'yan sanda suka fatattaki masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath domin kamfanin RWE ya haƙi kwal ɗin da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya fi ƙona ran masu fafutukar shi ne, ministan da ya ƙulla yarjejeniyar, Robert Habeck, ɗan jam'iyyar masu rajin kare muhalli ne. Hujjarsa ita ce kamfanin ya amince ya daina kwal a yankin a 2030 maimakon 2038.

Sai dai inda lamarin ya fi fito da halin 'yan siyasa shi ne ɓangaren sufuri. Jamus ƙasar motoci ce, gidan Volkswagen da Mercedes-Benz da BMW, kuma har yau akwai manyan hanyoyinta da ba a ƙayyade gudu a kansu ba. Ɓangaren ya yi ta wuce iyakar hayaƙin da doka ta gindaya masa, don haka ƙungiyoyin BUND da Deutsche Umwelthilfe suka garzaya kotu, suka kuma yi nasara a watan Nuwamban 2023. Maimakon a gyara sufurin, sai ministan sufuri Volker Wissing ya yi barazanar cewa bin dokar na iya kai ga hana tuƙi a ƙarshen mako. A watan Afrilun 2024 majalisa ta cire tilascin da ke kan kowace ma'aikata, aka koma lissafin hayaƙin ƙasa baki ɗaya. Ma'ana, nasarar ɓangaren lantarki za ta riƙa rufa wa ɓangaren motoci asiri.

Wannan ya nuna iyakar ƙarfin ƙungiyoyin: suna iya sa alƙali ya karanta wa gwamnati dokarta, amma alƙalamin sauya dokar yana hannun majalisa. A watan Satumban 2024 Greenpeace da Germanwatch, tare da dubun dubatan 'yan ƙasa, sun sake shigar da ƙara a Karlsruhe suna ƙalubalantar gyaran.