Wasan da aka ce ƙarfe huɗu, ba a fara ba sai tsakar dare

Masu saurarenmu na Ɗan Issa da kewaye, yau da masu shirya wasan mawaƙa a manyan filayen Maradi za mu yi. Ba za mu kama sunan kowa ba, amma wanda ya tsargu, da shi muke.

Asabar ɗin da ta wuce munka bi ayarin samarin garinmu zuwa kallon wani mawaƙi da ya zo daga Najeriya. Takardar talla ta ce ƙarfe huɗu na yamma. Wasu a mota, wasu uku-uku bisa kabu-kabu, tun bayan azahar an isa. Tikiti jikka biyu, wurin manya jikka goma. Ƙofa ɗaya tak aka buɗe wa dubban mutane, maza da mata ana ta turereniya, alhali sauran ƙofofin na nan da kwaɗo. Munka yi la'asar a layi, munka yi magariba cikin fili, isha'i ta wuce ana ta gwada lasifika. Mai gayya bai hau dandamali ba sai wajen sha biyun dare. Ko da ya hau, faifai aka saka mashi yana motsa baki, rabin lokacin kuma kirarin masu kujerun gaba yake ana liƙa mashi kuɗi. Waƙa shida, aka tashi.

To, ɗan cikin Maradi ya taka ya koma unguwarsu ya kwanta. Ɗan Ɗan Issa fa? Tafiyar kusan kilomita 40 ke gabansa, ƙarfe biyun dare, ba mota a tasha. Kowa ya san halin da yankin Madarunfa ke ciki da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane a bakin iyaka. Da idonmu munka ga 'yan mata zaune a gefen hanya suna jiran asuba, wayoyi sun mutu, iyaye na gida ido biyu. Wanda ya karɓi kuɗinsu ya riga ya yi barci.

Za a ce mana haka harkar take, mawaƙi ba ya fitowa sai fili ya cika. Ƙarya ne, kuma kokowa ce shaidarmu. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Yakuba Kantu na Maradi ya lashe, har aka sa wa filin kokowar Maradi sunansa, jihohi ke haɗuwa ana karawa safe da yamma, da hasken Allah. Taron takobi ya fi na kowane mawaƙi, jihohi takwas ne da makaɗansu da magoya bayansu. Duk da haka manomi na iya barin ƙauye da hantsi, ya ga kaye, ya kwana a ɗakinsa. In 'yan kokowa sun iya, me ya gagari mai jita?

Gaskiyar magana, jinkirin nan da gangan ne. Ana jan lokaci don a ƙara sayar da tikiti, ana kuma jiran manyan baƙi su gama cin abinci su zo su zauna. Wanda ya zo da wuri da guminsa shi ke biyan farashin wanda ya zo a makare.

Wasu dattawanmu sun kira mu a waya sun ce maganin abin a hana yara zuwa kawai. Da girmamawa, Baba, ba mu yarda ba. A 2015, lokacin Maradi Kwalliya, an ce an ƙawata birnin ne don jihar baki ɗaya, ba don mazauna cikinsa kaɗai ba. Yaron da ya yi wata yana dako a bakin iyakar Jibiya, ko yana ban ruwa a fadama, yana da haƙƙin ya je ya huta ransa ya dawo lafiya. In an hana shi a fili, zai tafi a ɓoye, wannan kuwa ya fi muni.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Hukumar da ke ba da izinin taro ta rubuta lokacin farawa da na tashi a jikin takardar, wanda ya saɓa kada a sake ba shi fili. A buɗe ƙofofi duka, mata da tasu. Masu shiri su yi magana da direbobin tasha tun kafin ranar, motar Ɗan Issa da ta Madarunfa su tsaya a bakin fili.

Ku kuma samari, wasa na gaba in takwas ta buga ba a fara ba, ku taso tare, ku riƙe guntun tikitinku. Ranar Litinin ku kawo mana shi gidan rediyo, za mu buɗe layi, mu kira masu shirin su amsa da bakinsu.