Babur ya bar titi, ya tare a tsakar gida

Wannan makon da maigida nake magana, amma uwargida ki matso kusa, don rabin zancen a tsakar gidanki yake faruwa.

Kwanakin baya na kai wa wani tsohon abokina ziyara a unguwar Wulari da ke Maiduguri, ranar Asabar da hantsi. Tun daga bakin layi nake jin rurin inji. Sallama uku na yi ba wanda ya amsa. Da na leƙa zaure sai ga mutumina a tsugune, singileti ta yi baƙi ƙirin, sifana a hannu, ya kafe Jincheng ɗinsa yana ba ta wuta. Rabon babur ɗin nan da kwalta tun 2011, amma in ka ga yadda yake sheƙi sai ka rantse jiya aka kwance shi daga kwali.

Mai karatu da ba a Borno yake ba zai ce, to me ya hana shi hawa? A watan Yulin 2011 gwamnatin Kashim Shettima ta haramta hawa babur a cikin Maiduguri, na haya da na gida duka, saboda yadda ake amfani da shi wajen kai hare-hare. Dubban 'yan acaɓa suka rasa sana'a, wasu suka yi ƙaura, wasu suka koma Keke Napep. Kano ma ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, sai dai can mai babur na kansa yana ci gaba da hawa. A Maiduguri kuwa titi ya rufe wa kowa. Akasari sun sayar. 'Yan tsiraru irin abokina suka ce ko kusa, suka lulluɓe nasu da tamfol.

Doka ta iya hana hawa, ba ta iya cire son ƙarfe daga zuciyar mai shi ba. Duk Asabar ɗin duniya abokina sai ya yaye tamfol, ya goge ƙura, ya kwance filogi ya hura, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya tayar da injin don kada ya kame. In ya gama da babur ya koma kan janareta. In maƙwabcinsa mai keke ya turo tasa ƙofar gida don yin juye, nan za su wuni, ana shayi ana tuna zamanin da ake tashi daga Monday Market a isa Baga Road kafin shayi ya huce. Ban ga laifin wannan ba. Namijin da ke wuni a gida yana gyara ya fi wanda ba a san inda ya yi ba, kuma yaron da ya tashi yana miƙa wa babansa sukudireba ya koyi abin da makaranta ba za ta koya masa ba.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne abin da na gani a ƙasa. Kusa da ƙafarsa akwai robar lemon kwalba cike da fetur, marufin a gefe. Ga 'yarsa mai shekara biyu tana kai-kawo tsakanin zaure da tsakar gida. Taku goma daga nan uwargida ta hura gawayi ta ɗora tukunya.

Bari in tsaya a kan robar nan, don ita ce ta fi kai yara asibiti. Yaro mai shekara ɗaya zuwa uku bai san fetur ba, roba ya sani. A wurinsa duk abin da ke cikin robar lemo na sha ne, balle a zafin Maiduguri na watan Afrilu da ke haura digiri 40, ƙishi na damun kowa. Kurɓa ɗaya zai yi ya ƙware. Haɗarin fetur da kananzir ba a ciki yake ba sosai, a huhu yake. Mai ne marar kauri, yana silalewa ta maƙogwaro ya shiga hanyar numfashi, ɗigo kaɗan ya isa ya kumbura huhu.

A nan ne iyaye ke yin kuskuren da ya fi shan man kansa muni. Uwa ta ruɗe, ta cusa wa yaro yatsa don ya yi amai, ko maƙwabciya ta rugo da manja ko madara a ɗura masa. Don Allah kada ki yi. Duk man da aka amayo sai ya sake bi ta ƙofar huhu, ga manjan shi ma yana iya bin sa. Abin yi shi ne ki fitar da yaron inda iska take, ki tuɓe masa rigar da man ya jiƙa, ki wanke masa baki da jiki da ruwa da sabulu, a wuce asibiti da shi a zaune, ba a kwance rigingine ba. Ki tafi da robar don ma'aikata su ga abin da ya sha. Ko ya daina tari ya koma wasa, kada ki ce ya warke. Saurin numfashi da zazzaɓi kan bayyana bayan sa'o'i, shi ya sa likitoci ke riƙe yaro su sa masa ido kafin su sallame shi.

Kai kuma maigida, ga wani abu game da fetur da bakanikai da yawa ba su lura da shi ba. Tururinsa ya fi iska nauyi. Ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi yana rarrafe kamar ruwa. Kana zaure kana wanke kabireta a cikin kwano, kana ganin ka yi nesa da murhu, alhali tururin ya riga ka isa can. Ba sai harshen wuta ya taɓa man ba. In dole sai ka wanke wani abu da fetur, ka fita waje, kuma ka bari a sauke tukunya a kashe gawayi.

Sai batun tayar da inji a zaure. Hayaƙin da ido ke gani, mai wari, shi ne ƙaramin mugu. A cikinsa akwai wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Ita ce dai ke kashe iyali guda cikin dare idan an kwana da janareta a baranda ko a kicin, labarin da ba a shekara ba a karanta irinsa a jaridu ba. Alamominta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda a ƙasar nan kowa zai ce maleriya ce. Na tambayi abokina ko yana ciwon kai. Ya ce ai kusan duk yammacin Asabar sai ya sha farasitamol, gajiya ce. Na ce to gajiyar da ba ta zuwa sai ranar da aka tayar da inji a ɗaki mai ƙofa ɗaya, a bincike ta. Idan mutum biyu ko uku a gida suka kamu da ciwon kai lokaci guda, suka kuma ji sauƙi da fitowa waje, a fara zargin hayaƙi kafin sauro.

Ƙunar salansa kuwa kowace unguwa akwai mai tabonta a ƙwauri. Minti kaɗan da tayar da inji salansa ke ɗaukar zafin da zai saɓule fata, kuma daidai tsayin ɗan rarrafe take. Idan ta faru, a zuba ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a kan wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba. Ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba baƙin mai ba. A rufe da tsumma mai tsafta, kada a fasa bororon, a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, musamman idan yaro ne ƙarami.

Da na ambaci baƙin mai, har yanzu akwai masu shafa shi a ciwo ko ƙaiƙayi wai magani ne. Man da ya gama zagaya inji ya kwaso ƙurar ƙarfe da dattin ƙuna, ba abin sa wa a fata ba ne, balle buɗaɗɗen rauni. Kada kuma a tuttular da shi a kwata ko kusa da rijiya. A tara a galan a kai wa bakanike. Tsohon batir ma kada ya kwana a gida. Ruwansa asid ne, in ya fantsama a ido sai a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 sannan a garzaya asibiti. Cikinsa kuma dalma ce, wadda muka ga aikinta a Zamfara a 2010, lokacin da ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan da ake haƙar zinare. Batir guda ba zai yi wannan ɓarna ba, amma ƙwaƙwalwar yaro ba ta da wani adadin dalma da za a ce ba komai.

Akwai kuma ranar hawa. Mutanen Maiduguri masu son babur sukan huce takaicinsu ne idan tafiya ta kai su Kano ko Zariya. An je biki ranar Juma'a, Asabar da safe an karɓi makullin ƙane, sai titi. Hannu bai manta giya ba, gaskiya ne. Amma ido ya manta yadda ake karanta titi, jiki ya ƙara shekara goma sha, cunkoson a-daidaita-sahu na yau kuma ba irin wanda ka bari ba ne. Ka fara da layin unguwa, ka gwada birkin gaba da na baya, kada ka goya kowa a hawan farko, yaro kuma kada ya hau tanki ko kuka yake yi.

Hular kwano na san tana da tarihi mai ɗaci a garin nan. Tun da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta a Janairun 2009, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don a bar su su wuce, mutanenmu suka ɗauke ta abin tsoron jami'i. A Maiduguri ma taƙaddama a kanta na cikin abubuwan da suka faru gab da rikicin Yulin wannan shekarar. Duk wannan bai canza taurin kwalta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma raunin kai ne kan gaba wajen kashe masu babur. Hular da ba a ɗaure igiyarta ba, ita ke fara barin kai kafin mai ita ya kai ƙasa.

Muna cikin wannan hira uwargidan abokina ta aiko da abinci, ta tsaya daga bakin ƙofa muka gaisa. Ta ce, "Malam, tunda Allah Ya kawo ka, ka tambaye shi wata nawa famfon banɗaki ke zuba. Ragar tagar yara ta yage tun kafin azumi. Wannan da ba ya zuwa ko'ina shi ake yi wa wanka duk mako." Mutumina ya sunkuyar da kai yana ta murza filogi.

Na yi dariya, amma gaskiyarta. Hannun da ya iya kwance kabireta ya mayar, canza robar famfo ba komai ba ne a wurinsa, aikin minti goma ne. Ragar taga kuwa kai tsaye maganar lafiya ce, don ta nan sauron ke shiga. Ban ce ka sayar da babur ba, ni ma ba zan so a raba ni da abin da ke sanyaya min rai ba. Cewa na yi sifanar ta fara zagaya gida tukuna: famfo, raga, marufin rijiya, wayar wutar da ta zare a ɗakin yara, cefane. Babur ɗin da ya yi haƙurin shekaru a ƙarƙashin tamfol zai iya jira zuwa la'asar, lokacin ma rana ta yi sanyi an kashe murhu.

Kafin in tafi muka juye fetur ɗin a ƙaramar jarka mai marufi, muka ɗora ta can saman katanga a inuwa, robar lemon kuma muka huda ta muka jefar. Muka turo babur ɗin daga zaure zuwa fili, inda iska ke kaɗawa. Ya ce Asabar mai zuwa zai duba famfon. Uwargida daga ciki ta ce ta ji, kuma ni ne shaida.