Yadda Hatsi Ke Yawaita A Ƙasa

Jama'a, ba wani abin da ya fi damun mai mulki da talaka baki ɗaya kamar cikar rumbu, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu duba irin ƙoƙarin da Gwamnatoci su ka yi a Nijeriya ta Arewa don hatsi ya yawaita, mu ga wanda ya yi albarka da wanda bai yi ba, da dalili. Mu dai a ganinmu, hatsi ba ya ƙaruwa da umarni ko da girman aiki, sai in an kai wa manomi abin da ya dace da gonarsa da aljihunsa.

Mu fara da abin da ya faru tun farko. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ba a daɗe ba gyaɗa ta yi kuɗi, mutane su ka ba ta gonaki don su sami na biyan haraji. Cikin 1913 ruwa ya yi gardama, 1914 kuwa aka sha yunwa mai tsanani, mutane da yawa su ka hallaka. Fari ne asalin masifar, amma rumbun da aka rage wa hatsi ba ya iya jure shekara guda ta wahala. Wannan ya nuna cewa kuɗin gyaɗa ba ya zama tuwo ran da babu gero a kasuwa.

Bayan haka Ma'aikatar Gona ta kafa wurin bincike a Samaru kusa da Zariya cikin 1922, kuma wajen 1928 ta fara koya wa manoma noma da shanu. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: a ba mutum bashin bijimai biyu da garma, ya yi huɗa da su, ya tara takinsu ya kai gona. Da fari mutane kaɗan ne su ka karɓa, har waɗansu na ganin abin ya faskara. Amma da ya ke aiki ne wanda manomi zai gani da idonsa a gonar maƙwabcinsa, maƙeri kuma ya iya gyara garmar, sai ya yi ta yaɗuwa a hankali. Ga shi yau ko'ina ka bi a Katsina da Kano da Gombe sai ka ga shanun huɗa.

To, sai ga farin 1972 zuwa 1974, lokacin kuwa kuɗin man fetur ya fara shigowa. Gwamnati ta ɗaura niyyar manyan ayyuka. Aka gina madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, aka gama ta Bakolori kusa da Talatar Mafara cikin 1978, aka haƙa hanyoyin ruwa a kudancin Tafkin Chadi, galibi da nufin a noma alkama da shinkafa. Janar Obasanjo ya yi shelar shirin ciyar da ƙasa cikin 1976, Shugaba Shagari ya biyo da nasa cikin 1980. Ba mu ce ba a sami kome ba, don mutanen Kadawa da Kura sun amfana da noman rani ƙwarai. Amma a Bakolori an karɓe gonakin mutane, diyya ta yi jinkiri, da su ka yi ƙorafi su ka tare hanya cikin 1980, aka aika 'yan sanda, rayuka da yawa su ka salwanta. A Chadi kuwa tafkin ya janye ya bar hanyoyin ruwa a bushe. Alkama ita ma ba ta yi yadda aka zata ba, gama tsiro ne mai son sanyi, hunturunmu kuwa gajere ne. Har an hana shigo da ita daga waje cikin 1987, bayan 'yan shekaru aka janye dokar.

A gwada wannan da abin da aka yi a Funtuwa da Gusau da Gombe daga 1975. Can ba a raba kowa da gonarsa ba. An yi hanyoyin ƙauye, an kawo takin zamani kusa da manomi da rahusa, an ba shi irin masara mai yawan yabanya, malaman gona kuma na zagayawa. Masara wadda dā ba ta wuce bayan gida, ana gasa ta da damina, sai ta zama hatsin rumbu da na kasuwa a ƙasar Funtuwa da Zariya. Lalle akwai aibu, don masu hali sun fi talakawa samun takin, kuma da rahusar ta ragu waɗansu sun ja da baya. Duk da haka hatsi ya ƙaru ƙaruwa ta gaskiya.

Akwai kuma wani abin lura. An daɗe ana ganin manominmu da ke haɗa gero da dawa da wake cikin gona guda bai san aiki ba. Da masana na Samaru su ka zauna cikin ƙauyukan Zariya su ka auna, sai su ka tarar dabara ce: gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar damina, dawa ta biyo baya, wake ya gyara ƙasa ya ba dabbobi harawa, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi.

Saboda haka roƙonmu ga masu iko shi ne, kafin a kashe dukiya kan wani babban aiki, a tambayi mai fartanya. A kai masa iri da taki kafin ruwan shuka, a gyara masa hanya, a sayi hatsi da kaka da farashi mai kyau a ajiye don kada ya sayar da araha ya saya da tsada, a kuma kula da gero da dawa waɗanda su ne abincin yawancin jama'a. Mu kuwa da za mu fita mu koyar, kada mu mai da gonar makaranta wurin horon yaro mai laifi. Mu mai da ita wurin gwada iri da taki, inda iyaye za su zo su gani su ɗauka, mu ma mu koyi abin da su ka sani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.