In baki ya ci, ido kan ji kunya

Duk cikin makarantun da gwamnati ke ciyarwa, babu mai wuyar sa ido kamar jami'ar da ke horar da likitoci. Dalili kuwa shi ne kuɗi ba ta ƙofa ɗaya suke shigo mata ba. Akwai tallafin da majalisa ke yanka mata cikin kasafin shekara, akwai kuɗin bincike, akwai abin da ɗalibai ke biya, akwai rancen gine-gine, sa'an nan ga asibiti manne da ita wanda ke aika wa gwamnati faktir bisa kowane majinyaci da aka duba. Mai kanti guda ya san cinikinsa kafin magariba. Mai kanti biyar a kasuwa biyar, da yara biyar kowane da littafinsa, sai ya tashi tsaye, in ba haka ba sai dai ya ji labarin dukiyarsa a bakin maƙwabta.

Jahar Niyu Jarsi, wadda ke gabashin Amurka daura da birnin Niyok, ta ɗanɗana wannan. Ta taɓa mallakar wata jami'a ta likitanci da aikin haƙori da aka fi sani da UMDNJ, mai makarantu 8 warwatse cikin jahar, cibiyarta kuwa a birnin Niwak. A zamaninta ita ce mafi girma a Amurka cikin jami'o'in da ba su koyar da komi sai ilimin kiwon lafiya, kuma kasafinta na shekara ya zarce dala miliyar ɗaya da rabi. Dalar Amurka ake nufi, wadda a shekarun nan ta ɗan haura sefa 500, ba dalar kasuwar Maraɗi ba.

Gidan nan da jini aka aza harsashinsa. A shekara ta 1967 hukuma ta yi niyyar kwashe unguwar baƙaƙen fata ta tsakiyar Niwak, wajen eka 150, don a gina makarantar likitanci. Wannan na cikin abubuwan da suka tunzura mutane har tarzomar watan Yuli ta ɓarke, aka rasa rayuka 26. A 1968 aka zauna aka yi sulhu: an rage filin zuwa ƙasa da eka 60, makaranta kuma ta ɗauki alkawarin kula da lafiyar mutanen unguwa da ba ɗiyansu aiki. Tun daga nan asibitin jami'ar ya zama mafakar marasa hali na Niwak, wurin da ake kai wanda aka harba da wanda mota ta buge ba tare da an tambaye shi abin da ke aljihunsa ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin kuɗin waɗannan mutane ne ake magana a kai.

A 1994 gwamnar jahar, Christine Whitman, ta rushe ma'aikatar ilimi mai zurfi da hukumar da ke bisa jami'o'i, ta miƙa ragama ga kwamitin amintattu na kowace jami'a. Hujjar tana da daɗin ji: a rage takardu, a bar masana su tafiyar da gidansu. Sai dai amintattun UMDNJ yawancinsu naɗin gwamna ne, wato ta hannun ƴan siyasa suka zo. An cire mai duba littafi, an bar ƙofar siyasa a buɗe. Waɗanda suka bi gardamar da aka yi a Nijar a 2018 da 2019 bisa zaɓe ko naɗin shugabannin jami'o'i za su lura cewa a Niyu Jarsi an samu ƴancin kai da naɗi duka a tukunya ɗaya, abin da ya ɓace shi ne wanda zai zo daga waje ya ƙidaya kuɗi.

Ɓarnar farko da ta fito fili ba ta da wani dogon wayo. Amurka na da wani asusu mai suna Medicaid, wanda gwamnatin tarayya da jahohi ke zuba wa kuɗi don biyan jinyar talakawa. In majinyaci ya zo ganin lokotoro, sai asibitin jami'ar ya sa ladan lokotoron cikin abin da yake bin asusun, ƙungiyar likitocin jami'ar ita ma ta aika nata faktir bisa aikin nan guda. Akuya ɗaya, an sayar da ita sau biyu ga mai saye ɗaya. Daga 2001 zuwa 2004 abin da aka karɓa ba bisa haƙƙi ba ya kai dala miliyan 4,9, kusan sefa miliyar biyu da rabi.

Abin da ya fi kuɗin muni shi ne an sani. Tun 2001 lauyoyi suka gargaɗi manyan gidan cewa wannan ya saɓa doka, takardun gargaɗi suka kwanta cikin biro, faktir kuma ya ci gaba da tafiya shekara uku. Ma'aikacin gwamnati ya san irin wannan kwanciya: kowa ya karanta, kowa ya sa hannu cewa ya gani, ba wanda ya so a ce daga bakinsa aka ji. A ƙarshe wani lokotoro na gidan ya shigar da ƙara, yana dogaro da wata tsohuwar doka ta 1863, ta zamanin shugaba Lincoln, wadda ta ba kowa damar kai ƙarar mai cutar baitulmali da sunan gwamnati, in an ci shari'a a yanka masa wani kaso daga abin da aka ƙwato. Wasu na ganin ƙyamar biyan mai tona asiri. Masu dokar dai sun san da ɗan gari akan ci gari.

A watan Disamba na 2005 babban mai gabatar da ƙara na tarayya a jahar, Chris Christie, ya shiga taron amintattu ya ajiye musu zaɓi biyu: ko a gurfanar da jami'ar gaban alƙali, ko su amince a ɗora musu mai sa ido daga waje har shekara biyu. Zaɓin na farko mutuwa ne, don a dokar Amurka duk ma'aikatar da aka kama da zambar kuɗin jinya ana yanke mata hulɗa da asusun gwamnati aƙalla shekara 5, asibitin Niwak kuwa ba shi rayuwa in babu su. Suka sa hannu, suka yarda su mayar da kuɗin. Aka naɗa wani tsohon alƙalin tarayya, Herbert Stern, aka ba shi ikon buɗe kowane kundi da kiran kowane ma'aikaci. Ba a daɗe ba shugaban jami'ar, John Petillo, ya ajiye aiki.

Da aka ɗaga tabarma sai aka tarar ninkin faktir ɗan ƙaramin abu ne. Jaridar Star-Ledger ta riga ta fallasa kwangiloli na ɗaruruwan miliyoyi da aka bayar ba tare da gasa ba. Stern ya gano cewa akwai lokacin da ake jera masu neman aiki lamba 1 zuwa 3, gwargwadon nauyin ɗan siyasar da ya turo su. A tsakiyar 2006 ya ƙiyasta cewa abin da ya salwanta ko ke cikin haɗari ta hanyar zamba, almubazzaranci da sakaci zai iya kai dala miliyan 243, fiye da sefa miliyar 120.

Amma labarin da ya fi cancanta a tsaya kansa shi ne na sanata Wayne Bryant, domin a nan ne maganar sa ido ta juye bisa kanta. Bryant shi ne shugaban kwamitin kasafin kuɗi na majalisar dattawan jahar. Duk tallafin da jami'ar ke samu ta gabansa yake bi, kuma a ƙa'ida shi ne ya kamata ya tambayi inda na bara ya shiga kafin a saki na bana. A 2003 ɗaya daga cikin makarantun jami'ar, ta garin Stratford, ta ƙirƙiro masa wani muƙami na rabin lokaci da albashin dala 35.000 a shekara, wajen sefa miliyan 20 a canjin lokacin. Rahoton Stern ya ce aikin bai wuce ya zo da safe sau ɗaya a mako, ya zauna kamar sa'a uku yana karanta jarida ba. A shekarun da yake kan wannan kujera, makarantar ta samu ƙarin tallafin da ya zarce dala miliyan 10 daga kasafin jaha.

Ɗan kasuwa zai yi lissafin cikin ransa: an zuba abin da bai wuce dubu ɗari da ƴan kai ba cikin shekara uku, an kwashi miliyan goma. Babu hajar da ke ba da irin wannan riba. Shi kuma sanatan ba albashin kaɗai ya hango ba. A tsarin jahar na lokacin, mutum na iya tara muƙaman gwamnati da yawa, a haɗa albashinsu a lissafa masa kuɗin ritaya bisa shekarunsa mafi tsoka, saboda haka kowace ƙaramar kujera da ya ƙara kafin ya sauka tana ƙara masa abin da zai ci har mutuwa.

Masu kare shi sun ce ai kuɗin makaranta suka shiga, an yi aiki da su, an duba yara marasa lafiya. Ko da hakan gaskiya ne, bai wanke komi ba. Kasafi buhu ne mai iyaka, abin da aka ƙara wa wanda ya sayi kunnen shugaban kwamiti an rage shi ne daga wanda bai saya ba. Sa'an nan mutumin da ke amsar albashi a gida ba shi iya ɗaga murya ya ce a kawo masa littafin gidan. A watan Nuwamba na 2008 kotun tarayya ta same shi da laifi, tare da shugaban makarantar, Michael Gallagher. A 2009 aka yanke wa Bryant shekara 4 a gidan kaso, Gallagher wata 18.

Irin wannan ciniki ya shiga har ɗakin fiɗa. Jahar ta ƙayyade yawan aikin zuciya da asibiti zai yi a shekara kafin a bar masa izinin yin sa, asibitin jami'ar kuwa ya kasa cika adadin. Maimakon a gyara sashen, sai aka ɗauki likitocin zuciya 18 na cikin gari aka ba su muƙamin malanta da albashi, galibinsu ba su koyar da kowa, abin da ake jira gare su shi ne su riƙa turo majinyatansu. Majinyaci na tsammanin lokotoronsa ya zaɓa masa wurin da ya fi, ashe an riga an sayi shawarar. A 2009 jami'ar ta biya gwamnatin tarayya dala miliyan 8,3 don a rufe wannan magana, ban da wasu miliyan 2 da ta ƙara bisa ninkin faktir.

Tarar da aka ci jami'ar gwamnati, daga ina take fitowa? Daga tallafin jama'a, da kuɗin asibiti, da abin da ɗalibai suka biya. Karatun likita a Amurka ba kyauta ba ne, yawancin ɗalibai da rancen gwamnatin tarayya suke yin sa, su fito da bashi mai nauyi a wuya. Dokar ƙasar ta tsananta ƙwarai bisa wannan rance: ko mutum ya karye ya je kotu, da wuya a yafe masa shi. Ɗalibin da ya makara da biya, kwamfuta ta san sunansa cikin wata guda. Ma'aikatar da ta ninka faktir ta yi shekara uku ba wanda ya buga mata ƙofa.

Shi ma maganin bai fita ba tabo. Aikin Stern da lauyoyinsa ya ci miliyoyin dala, kuma jami'ar ce ta biya. Christie shi ya zaɓe shi da kansa, ba da gasa ba, kuma da ya tsaya takarar gwamna a 2009 aka ga sunan Stern da na abokan aikinsa cikin masu ba shi gudummawa. A shekarar har majalisar wakilai ta Washinton ta kira Christie ya yi bayanin yadda yake raba irin waɗannan ayyuka na sa ido. Ba a kama kowa da laifi a nan ba, kuma babu mai musun cewa Stern ya tono abin da amintattu suka kwana a kai shekara da shekaru. Sai dai mai gadin da ake kira bayan an fasa rumbu tsadarsa ta ninka ta wanda ke kwana a bakin ƙofa. Hukumar binciken jahar ta faɗi kusan haka cikin rahotonta na 2007, inda ta danganta ɓarnar jami'o'in gwamnati da sakin da aka yi musu tun 1994. A wannan shekara aka kafa ofishin mai binciken kuɗin jaha mai zaman kansa, wanda ya fara aiki a 2008.

Wa'adin Stern ya ƙare a ƙarshen 2007, amma sunan gidan bai farfaɗo ba. A watan Agusta na 2012 Christie, wanda ya zama gwamna tun 2010, ya sa hannu bisa dokar raba jami'ar. Ran 1 ga Yuli 2013 aka sauke allon UMDNJ: yawancin makarantunta suka koma ƙarƙashin jami'ar Rutgers tare da bashin ɗaruruwan miliyoyin dala da ke kansu, ta Stratford ta koma jami'ar Rowan, asibitin Niwak kuma aka ware shi ya zama na jaha kai tsaye, da nasa kwamitin da nasa littafin.