Tazargade, Hano Da Mai Sarƙewar Numfashi

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a ƙasar Zakka ya san abin da ake yi idan tari ya kama mutum har ƙirjinsa ya fara kuka. A ɗora tukunya, a zuba ganyen bedi da citta da lemun tsami, a lulluɓe shi da bargo ya yi surace. Da wannan aka rene mu, ba kuwa za mu raina shi ba don mun shigo jami'a. Amma akwai wani majinyaci wanda tukunyar nan ba ta isa ta cece shi ba, watau wanda cutar numfashi ta kai shi ga ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska.

Abin da ke faruwa a ƙirjinsa abin mamaki ne. Sau da yawa ba ƙwayar cutar kaɗai ke kashe shi ba. Garkuwar jikinsa ce ke tashi yaƙi, ta wuce gona da iri, huhu ya kumbura, 'yan jakunkunan da ke karɓar iska su cika da ruwa, har iskar oksijin ta kasa ratsawa cikin jini. Don haka likitoci ke neman maganin da zai kwantar da kumburin. To, ko akwai irinsa a cikin itatuwanmu?

A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an amsa mana da ƙarfi cewa akwai. Shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya fito da wani tsimi na dangin tazargade, ya kurɓa a gaban jama'a, ya ce an sami magani. Nan da nan tazargade ta yi tsada a kasuwanninmu. An kawo tsimin Nijeriya a watan Mayu, aka miƙa wa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ita kuwa ta ce ba ta ga shaidar yana warkar da cutar ba. A watan Yuli ma sai da aka sake kulle babban birnin Madagaskar saboda yawan masu kamuwa.

Kada a ce ƙiyayyar Bature ce, domin nasu ma haka aka yi masa. Akwai wani magani wai shi kolcisin, wanda ake samu daga wani fure na ƙasashen Turai, an yi ɗaruruwan shekaru ana kwantar da kumburin gaɓɓai da shi. Masana na Jami'ar Oksfod ta Ingila suka gwada shi a kan majinyata 11,340 da ke kwance a asibiti, aka ba kusan rabi, aka hana saura. A 2021 aka ƙirga, sai ga shi kashi 21 cikin ɗari sun rasu a kowane ɓangare. Suka ajiye shi, ba su ji kunya ba. A cikin wannan gwaji ne dai aka gano, a watan Yuni na 2020, cewa deksametazon, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shaƙar oksijin. Ga wanda cutar ba ta tsananta masa ba kuwa, bai yi amfanin komai ba. Ashe sanin sunan magani bai wadatar ba, sai an san wa za a ba, da yaushe, da kuma nawa.

Mu nan muna da hano, itacen nan mai ɓawo kamar takarda da ke fitowa a kan duwatsu, wanda tsofaffinmu ke jiƙa sassaƙensa. Danginsa na Indiya an daɗe da sanin ƙaronsa na ɗauke da sinadaran da ke rage kumburi. Wannan dalili ne na a bincika namu. Ba dalili ba ne na a ɗura shi a bakin mai sarƙewar numfashi, wanda ko ruwa aka ba shi yana iya ƙwarewa ya wuce masa huhu.

Ba kuma mafarki ba ne maganin gargajiya ya shiga asibiti ta ƙofar gaba. Tu Youyou ta ƙasar Sin daga dangin tazargade ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida, NIPRD ta haɗa Niprisan don masu amosanin jini daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, bayan da wani mai maganin gargajiya ya nuna mata hanya.

Abin da ke damunmu shi ne lokaci. Dajin Rugu, inda masu magani na Safana da Batsari ke zuwa saran saiwa tun kaka da kakanni, 'yan bindiga sun yi shekaru suna hana shigarsa. Masanan suna tsufa, wasu sun yi gudun hijira zuwa Dutsin-Ma da Katsina, 'ya'yansu kuwa, wato mu, mun fi sanin sunayen tsirrai na littafi da na bakin kakanninmu. Laifin nan namu ne, mu karɓe shi.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu, musamman masu karatun ilmin tsirrai da haɗa magunguna, da ta shirya wannan aiki a hutu mai zuwa. Kowa ya tafi da littafi, ya durƙusa gaban dattijo ya ce, "Baba, mun zo ɗaukar karatu." A rubuta sunan itace, da sashen da ake ɗiba, da yadda ake haɗawa, da sunan wanda ya koyar, don kada gobe a ci moriyarsa a manta da shi. A busar da ganye a kai ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a tabbatar da asalinsa. In kuwa a cikin hutun muka iske wani a unguwa yana haki, leɓunansa sun yi duhu, to, mu ajiye littafin mu nemo motar da za ta kai shi inda akwai oksijin.