Wasiƙa a Buɗe ga Masu Shagunan Kemis Kan Kodin da Taramol

Zuwa ga masu sayar da magani a birane da ƙauyuka.

Wannan wasiƙa ta shafi kodin da taramol da danginsu, waɗanda masana ke kira opiyoyid, wato magungunan kashe zafin ciwo da ke aiki kai tsaye a ƙwaƙwalwa, su kwantar da raɗaɗi, su kuma saukar da wani nishaɗi mai haɗe da kasala wanda jiki ke saurin sabawa da shi. Rahoton shekarar 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba da umarnin likita ba, kuma a watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hanin ya rage kwalabe a kan kanta, amma taramol mai ƙarfin miligiram 225 bai daina yawo ba, alhali hukumar NAFDAC ba ta amince da abin da ya wuce 100 ba.

Mai kemis yakan riga iyaye ganin alamar farko. Yaro ɗan shekara 16 zai shigo ba takardar likita, ya ce Hajiya ce ta aiko shi, amma ya san sunan ƙwayar da ƙarfinta, ƙwayar idonsa ta tsuke, maganarsa tana jan ƙafa. 'Yan mata ma suna zuwa, galibi da hujjar ciwon mara. A waɗannan shekaru sashen ƙwaƙwalwa mai auna ƙarshen al'amari bai gama nuna ba, shi ya sa sabo ke kama matashi da wuri. Lasisin ƙaramin kemis bai ba mai shi ikon sayar da waɗannan magunguna ba ko kaɗan, kuma ribar da ake samu a kansu daga aljihun uwar yaron take fitowa, domin ita ce ke fara rasa kuɗin adashinta, sannan wayarta, tana ɓoyewa saboda kunyar maƙwabta.

Hana yaron magani wajibi ne, amma bai wadatar ba, tunda wani shagon yana gaba. Abin da ya fi amfani shi ne mai kemis ya keɓe da mahaifi ko wan yaron cikin sirri, ya fahimtar da shi cewa wannan ciwo ne da ake jinyarsa, kuma zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da ke taso wa wanda ya daina sha farat ɗaya su ne ke mayar da shi ga ƙwayar, ba taurin kai kaɗai ba. Duka da mari ba sa warkar da shi, kuma halin da aka tarar da mutum fiye da 300 a wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna a 2019 ya isa hujja. Wurin da ya dace shi ne sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti.

Idan kuwa aka kawo yaro a sume, numfashinsa na fita da ƙyar ko yana jijjiga, kada a ɗura masa madara ko manja, domin suna iya sarƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti tare da fakitin abin da ya sha, inda ake iya yi masa allurar nalokson mai farfaɗo da numfashi.