RA'AYINMU: Shin Ado Yana Mayar Da Batsa Fasaha?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah (S.W.T) wanda Ya sanya kunya ta zama yanki na imani, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W) da iyalansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata muhawara da ta daɗe a tsakanin 'yan boko na manyan birane, wadda yanzu ta iso majalisun samarinmu a Ikara da Maƙarfi da Kudan, musamman a bakin ɗalibai masu dawowa hutu daga manyan makarantu. Ana cewa wai finafinan da ke nuna tsiraici iri biyu ne. Akwai na batsa zalla, wanda ake kira bulu-fim, kowa ya yarda ƙazanta ne. Akwai kuma wanda ake kira na fasaha, mai labari tsararre da hoto mai kyau da gwanayen 'yan wasa, wanda ya ci lambobin yabo a Turai. Masu wannan ra'ayi suna cewa mai kallon na biyun gwaninta yake kallo, kuma wanda ya ga batsa a ciki, to zuciyarsa ce ba ta da tsarki. Mun ga ya wajaba mu tsaya a kan wannan magana, domin ta fi fim ɗin kansa haɗari. Mai aikata saɓo yana jin kunya yana kusa da tuba, amma wanda ya samo wa saɓonsa suna mai daɗi ya yi nisa da ita.

Ya kamata a san inda wannan rabe-rabe ya samo asali. A shekarar 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar da aka sani da Miller, ta yanke cewa ba za a hukunta wani aiki a matsayin batsa ba matuƙar yana da ƙima ta gaske ta fuskar adabi ko fasaha ko siyasa ko kimiyya. Wato a wurinsu gwaninta tana iya wanke tsiraici a gaban doka. Wannan ma'auni ne na mutanen da suka raba addini da dokar ƙasa, kuma su kansu har yau ba su daidaita a kan inda iyakar take ba. Samarinmu sun ɗauko ƙarshen maganar ba tare da sanin tushenta ba.

Bari mu ba da misali ɗaya daga cikin gidansu. A shekarar 1972 wani darakta ɗan ƙasar Italiya mai suna Bernardo Bertolucci ya fitar da wani fim da aka ɗauka a birnin Faris, wanda ba za mu ambaci sunansa ba don kada mu yi masa talla. Masu sharhi suka yi ta kambama shi, har aka sa daraktan da babban ɗan wasan, Marlon Brando, cikin jerin masu neman lambar Oscar. A ƙasarsa kuwa kotu ta yi umarni a 1976 da a lalata kofe-kofen fim ɗin, aka kuma hana daraktan 'yancin jefa ƙuri'a na shekara 5. Sai a 1987 aka ɗage haramcin. Yarinyar da ta fito a fim ɗin, Maria Schneider, shekararta 19 a lokacin, Brando kuwa 48. A 2007 ta bayyana cewa an shammace ta a mafi munin fitowar da ke cikin fim ɗin, ta ji an wulaƙanta ta, kuma hawayen da masu kallo suka gani na gaske ne. Ta rasu a 2011. A 2013 daraktan da bakinsa ya amsa cewa da gangan ya ɓoye mata wani ɓangare na abin da za a yi, don yana son kyamara ta ɗauki ainihin halin da za ta shiga. To ga abin da aka shafe shekara 40 ana kira fasaha. Masu kallo suna yabon haske da kiɗa, ita kuwa mace tana ɗauke da tabon har kabarinta. Duk wanda ya ce gwaninta kawai yake kallo, ya tambayi kansa: 'yar wa aka tuɓe domin ya more wannan gwaninta, kuma zai yarda a sa ƙanwarsa a gurbinta?

Kada wani ya zaci Musulunci yana gaba da kyau ko hikimar zance. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau. Manzon Allah (S.A.W) yana da mawaƙi, Hassanu ɗan Sabitu (R.A), wanda ya kare Musulunci da harshensa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun karantar da jama'a da waƙoƙi, kuma a nan ƙasar Zazzau Malam Aliyu Namangi ya bar mana Imfiraji, wadda ake rerawa har gobe. Mafi girma daga wannan duka ita ce Suratu Yusuf, wadda Allah Ya kira mafi kyawun labari. A cikinta akwai mace da ta kulle ƙofofi ta nemi saurayi, akwai riga da aka yaga ta baya, akwai matan birni da suka yanke hannuwansu saboda kyawun da suka gani. An faɗi dukkan wannan, amma yaro ɗan shekara 7 yana karanta surar a gaban mahaifinsa, liman yana karanta ta a sallah, babu wanda ya sunkuyar da kai don kunya. Wannan ita ce gwaninta ta haƙiƙa, a isar da ma'ana cikakkiya ba tare da an yaye sutura ba. Wanda ya kasa ba da labarin soyayya ko jarrabawa sai ya tuɓe mutane, ya nuna gajiyawarsa ne a sana'ar.

Ma'auninmu a bayyane yake. A Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, Allah Ya umarci muminai maza da mata su runtse ganinsu su tsare farjinsu, kuma bai keɓe kallon da aka yi don nazari ko don yabon mai ɗaukar hoto ba. A aya ta 19 ta wannan sura Ya yi alkawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. A Suratul Isra'i, aya ta 32, kusantar zina ma aka hana. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ido yana da rabonsa na zina, shi ne kallo. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto da wasan kwaikwayo, amma babu saɓani a kan haramcin kallon al'aurar wanda bai halatta ba. Mushe ko da an dafa shi da kayan yaji a kwanon tangaran, sunansa mushe. Hasali ma wanda aka ƙawata ya fi saurin shiga, domin ƙazamin fim zuciya mai sauran imani tana ƙyamarsa, amma wanda aka yi wa ado da labari mai taɓa rai, sai mutum ya haɗiye bai sani ba, kamar guba a cikin zuma.

Hukumomi sun yi ƙoƙarinsu gwargwadon hali. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar tace finafinai ta ƙasa a 1993. Jihar Kano, maƙwabciyarmu, ta kafa tata a 2001 bayan ƙaddamar da Shari'a. A 2007, da wani hoton bidiyo na tsiraici ya bazu ta wayoyin hannu a Kano, an dakatar da ɗaukar finafinan Hausa na wasu watanni, aka tsaurara dokoki. A 2016 an jingine shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji bayan malamai sun ɗaga murya. Amma duk waɗannan matakai an tsara su ne don gidan silima da kaset da faifai, abubuwan da ake iya kamawa a kasuwa. Yau fim yana cikin aljihun yaro, yana saukowa ta intanet ko a tura masa a katin waya a shagon caji, ba ya bi ta gaban kowace hukuma. Tacewar da ta rage ita ce tsoron Allah da tarbiyyar gida.

Mu a wannan yanki Allah Ya yi mana arzikin noma. Idan aka sare rake a Maƙarfi da Kudan, aka ɗebi tumatir da masara a Ikara, kuɗi suna shiga hannun samari, kuma sau da yawa abin farko da ake saya shi ne babbar waya. Uban da ya san farashin taki da na mazarƙwaila, amma bai san abin da ke cikin wayar ɗansa ba, ya sani za a tambaye shi game da kiwon da aka ba shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da masu wa'azi, daga Hunƙuyi zuwa Likoro, daga Gimi zuwa Tashar Yari, daga Paki zuwa Auchan, su fuskanci wannan shubuha da hujja da lallashi, domin saurayin da ya zo da tambaya amsa yake nema, kuma tsawa kaɗai tana kora shi wurin waɗanda za su ba shi gurɓatacciyar amsa. Muna kira ga masu gidajen kallo da masu tura finafinai a waya su ji tsoron Allah a kan abin da suke ciyar da iyalansu da shi, su tuna cewa wanda ya yi jagora zuwa ga saɓo yana da kwatankwacin zunubin duk wanda ya bi shi. Muna kira ga sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su sa ido a kan waɗannan wurare ta hanyar doka, kada wani ya ɗauki hukunci a hannunsa. Muna kira ga mawadata su sauƙaƙa wa matasa aure, su rage tsadar lefe da bidi'o'in biki da ke jinkirta shi. Matasanmu masu baiwar rubutu da waƙa kuwa, fili a buɗe yake gare su, su yi aiki mai inganci wanda uwa za ta saurara tare da ɗanta.

Allah Ya tsare mana idanunmu da zukatanmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.